Wuƙa Mai Ɗigo Uku

Da sunan Allah nake ɗaukar biro, Shi da ya nufe ni da karatu bayan furfura ta fara leƙowa.

Ku huɗun da na haifa, da waɗanda kuka haifa, na san abin da ake faɗa muku a Titirou in kun je suna ko gaisuwar mutuwa. Ana ce muku uwarku ce ta raba ubanku da wansa. Ba na musu. Ana kuma cewa na ja shi zuwa garinmu kamar akuya a igiya, wannan kuwa duk wanda ya san ubanku ya san ba a jan sa. Zan rubuta yadda abin ya gudana sau ɗaya, don kada wani ya sake tare ni da tambaya ina bakin murhu.

Ni 'yar Djougou ce, garin da tsofaffinmu ke kira Zugu. Kakanninmu fataken goro ne, kuma har na yi wayo aikin matan gidanmu goro ne: a kwance huhu, a zaɓe, a fitar da mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa cikin ganye. Uwata ta rasu ina ƙarama, Gwaggo Hajo ƙanwar ubana ita ta riƙe ni, ita ta koya mini aikin. Ubanku Garba ni na ce ina so, duk da gunagunin dangi cewa 'yar fatake ba ta auren maƙeri. Aka kai ni Parakou, unguwar Titirou, gidan Tsoho Isa, wanda ya sauko daga Nijar yana saurayi da guduma ɗaya. Ban daɗe da shi ba ya rasu. Ya bar maƙerar a hannun 'ya'yansa biyu, Yaya Mamman babba, sai ubanku.

Abin da gidan ya yi suna a kai wuƙar aljihu ce mai naɗewa, ƙotarta ƙahon saniya, da ɗigo uku a gindin ruwanta, tambarin Tsoho ke nan. Dole in bayyana muku cikinta, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. A bayan ƙota akwai wani siririn ƙarfe da muke kira sakata, kansa da haƙori ɗaya. A gindin ruwan wuƙar kuma akwai gurbi. In ka buɗe ta har ƙarshe, haƙorin ya faɗa gurbi, ka ji ƙas, ta kulle ke nan, ba za ta naɗe ba sai ka danna wutsiyar sakatar da babban yatsa. Akwai kuma wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a ciki, resor, shi ke danne sakatar. Amanar yatsunka duka tana kan wannan haƙori da wannan gurbi, su biyun in an haɗa ba su fi ƙwayar masara ba.

Gurbin ba da ido ake yanka shi ba. Tsoho ya bar wani ɗan faifan ƙarfe mai siffar gindin wuƙa, da gurbinsa a jiki, ana ce masa samfurin Baba. Sai a jingina shi da sabuwar wuƙa a matse su tare, a yi ta goga magagari har magagarin ya taɓa samfur, sannan a tsaya. Haka Tsoho ya yi, haka 'ya'yansa suka yi kullum. Yaya Mamman ke riƙe da shi. In an tashi aiki ya shafa masa mai, ya naɗe a tsumma, ya sa a aljihun rigarsa ta ciki. Ba a ba da aronsa, ba a kwafarsa, ba a gyara shi. A wurinsu gyara samfurin Baba daidai yake da cewa Baba bai iya ba. Gwajinsu kuma ɗaya ne: kowace wuƙa aka gama, Yaya ya ɗauki guntun busasshen ice mai tauri ya fere da ƙarfinsa. In ba ta dakushe ba, ba ta girgiza ba, ya buga ɗigo uku. Direbobi ke saye, da mahauta, da manoman doya. Matan goro kuwa ni na kai musu. Duk zuwana gida sai na tafi da wasu a cikin kwalla, in ce aikin maigidana ne, ku saya. Wannan ma a sa shi a kaina, ban ce a cire ba.

Shekarar da nake magana na wuce arba'in, na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar. Wata Madam ke koya mana karatu da lissafi. Na mallaki kaye, wato littafin rubutu, da kirayo, wato fensir, da regili na katako na ja layi, abin da ban taɓa riƙewa ba a rayuwata. Yaya Mamman ya sa mini suna Malama mai kaye. In na wuce ta bakin maƙera ya ɗaga murya don abokan hirarsa su ji:

"Malama, yau an kai baƙi na nawa? A taimaka mana da wasiƙa zuwa Cotonou."

"Yaya, bari in gama koyon rubuta sunanka, tsawonsa ne ke ba ni wahala."

A yi dariya, in wuce. A lokacin babu komai tsakaninmu sai wannan.

Ga abin da mazan maƙera ba su sani ba game da matan goro. Igiyar huhu ba a yanke ta, don da ita za a sake ɗaurewa. In ƙullin ya ciza, mace takan cusa wuƙa ƙarƙashin igiyar, bakin yana kallon ƙasa, ta banƙara da bayan wuƙar har ƙullin ya saki. Wanda ke fere ice, icen ƙara buɗe wuƙar yake yi, ko babu sakata ma ba za ta rufe ba. Wadda ke banƙarar igiya da baya kuwa, igiyar naɗe wuƙar take so ta yi, kuma yatsunta huɗu suna kwance daidai inda bakin zai sauka. Ni da na tashi cikin goro na kuma zauna a maƙera shekara ashirin, ban taɓa haɗa waɗannan biyun a kaina ba sai da aka kira ni a waya aka ce Gwaggo tana asibiti.

Na tarar da ita zaune a gado, hannun dama naɗe da farin ƙyalle ya yi kamar tulu.

"Talatu, kin zo? Wuƙar mijinki ta ci amanata. Shekara nawa ina ba ta goro, ashe nama take so."

"Gwaggo, ba abin dariya ba ne."

"To in yi kuka ne yatsun su dawo? Zauna, kin tsaya mini a kai kamar mai bin gawa."

Jijiyar yatsu biyu ta yanke, manuniya da na tsakiya. An ɗinke, sun warke, amma ba su sake lanƙwasuwa ba har ta koma ga Allah. Matan da suka zo dubiya, a nan na ji sauran. Ɗaya ta ce tata ta taɓa rufewa ta yanke mata farce. Wata ta ɗaga hannu ta nuna mini tabo. Na ce me ya hana ku faɗa mini? Suka ce ke 'yar gida ce, kuma aikin mijinki ne, da wane baki? Kunya ke nan, irin tamu, wadda ke barin mutum ya taka ƙaya don kada a ce an nuna masa hanya.

Na koma Parakou da wuƙar a naɗe cikin gefen zane. Mata ba su saba shiga maƙera ba, na tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, ina wuni. Ga wuƙarku ta dawo da jini."

Ya karɓa ya buɗe, ta ce ƙas. Ya ɗauki icensa ya fere sau uku, ya duba bakin.

"Lafiyarta lau. Da ina Gwaggon taki ke aiki, da baki ko da baya?"

"Da baya. Haka matan goro duka ke yi."

"To. Jaki ma in ka hau shi ta wutsiya harbi zai yi. Wuƙa don yanka aka yi ta. Allah ya ba ta lafiya, ki ce ina gaishe ta."

Ubanku yana tsugune wajen wuta bai ɗago ba. A gaban wansa bai taɓa ɗagowa ba. Sai da ya shigo cin abinci ya ce mini shi a ganinsa resor ne ya yi laushi, zai ƙara masa kauri. Yaya ya yarda, tunda ba a taɓa samfur ba. Wannan ne gyara na farko. Wuƙar ta yi tauri har sai mace ta sa babban yatsa biyu kafin ta rufe ta. Ubanku ya kawo mini ɗaya yana murna. Na ce a ba ni buhun masara da igiya. Na ɗaure buhun tamau irin ɗaurin huhu, na ɗaura guntun rake a jikin ƙota daidai inda yatsu ke zama, na riƙe ƙarshen ƙotar ta gefe da gefe, na cusa ƙarƙashin igiya na banƙara. Na farko ta tsaya. Na biyu ta tsaya. Na uku na ɗan murɗa kamar yadda ake yi in ƙulli ya ƙi, ta rufe, raken ya faɗi gida biyu. Ubanku ya tsinci guntayen ya daɗe yana kallo, sannan ya jefa wa akuya.

Na koma Djougou jinyar Gwaggo. Kwana huɗu da sallamarta na fito na same ta a tsakar gida tana banƙarar igiya da hannun hagu, da wata tsohuwar wuƙa mai ɗigo uku, ƙahon ƙotarta ya yi baƙi don tsufa.

"Gwaggo! Ɗaya hannun ma kike so ki bayar?"

"Ke, rufe mini baki. Wannan ta marigayi ubanki ce, Tsoho Isa da kansa ya yi masa ita tun ba a haife ki ba. Ta kwance huhun da ya fi gashin kanki yawa, ba ta taɓa motsi ba. Don ina tausayinta ne na ajiye ta na sayi taku."

Na karɓa na yi mata gwajin rake. Na banƙara, na murɗa, na hau da nauyina duka har igiyar ta tsinke. Ba ta rufe ba, kuma resor ɗinta laushi gare shi, da yatsa ɗaya ake danna ta. Na ce ina so in buɗe cikinta. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ta ubanki ce. In kin lalata, ke da shi ranar gobe." Na sami ƙusa da dutsen niƙa na fitar da ƙusar da ke riƙe ruwan wuƙar. Wadda ta yanke Gwaggo, da na dawo da ita, ita ma na yi mata haka. Na fere kirayo ya yi tsini, na ɗora gindin kowace a kan shafin kaye na bi gefenta da zane, kamar yadda Madam ta koya mana zana ganye. Da na sa regili sai ga shi. Bangon gurbin tsohuwar a miƙe yake, regili ya kwanta a jikinsa babu rata. Bangon gurbin sabuwar ya kwanta kamar gangaren rafi, kusurwarsa ta mulmule. Haƙori in ya sami gangara ai sai ya zame, komai ƙarfin abin da ke danne shi. Na ga bambancin, amma ban san dalilinsa ba, tunda samfur ɗaya aka bi.

Ubanku ne ya sani. Da na koma Parakou na shimfiɗa masa kayen a tabarma bayan sallar asuba. Ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya sa farce ya bi zanen.

"Magagari," ya ce.

"Magagari me, Malam?"

"Kowace wuƙa sai magagari ya taɓa samfur kafin mu tsaya. Kowace taɓawa yana ɗaukar abin da ido ba ya gani. Shekara ashirin. Ba samfurin Baba muke bi ba, Talatu, abin da muka rage ne. Mu muka cinye shi."

Ya roƙi wansa zama ranar Juma'a bayan an sauko. Na ce da ni za a yi, tunda kayena ne kuma hannun Gwaggona ne. Muka zauna a zauren Yaya. Ubanku ya yi bayani murya ƙasa-ƙasa, yana ta cewa Allah ya ba ka haƙuri. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya sa hannu a aljihun ciki ya kwance tsumma, ya ɗora samfurin a kan zanen tsohuwar wuƙa. Ina kusa, na ga farar takarda ta leƙo tsakanin ƙarfe da layin kirayo. Shi ma ya gani. Wannan nake so ku riƙe, don a Titirou ana cewa bai taɓa gani ba. Ya gani, ya daɗe yana gani. Sannan ya naɗe abinsa ya mayar.

"Takarda ba ta san ƙarfe ba."

"Yaya, ba mu ce Baba ya yi kuskure ba," in ji ubanku. "Aikin Baba daidai yake, ga wuƙarsa nan ta shaida. Mu ne..."

"Mu wa? Wa ke yanka gurbi a maƙerar nan tun rasuwar Baba? Faɗi mana. Wato hannuna ne ya ɓata aikin ubana. Ni da nake kwana da abin nan a ƙirjina."

Ni na ɗauka in aka wanke Tsoho daga laifi zai fi masa sauƙi. Ban gane ba sai daga baya cewa da a ce Tsoho ne ya yi kuskure da ya fi iya haɗiyewa. Amma a lokacin ba gane zuciyarsa na je yi ba. Na ce:

"Yaya, hannun naka dai yana nan da yatsu biyar."

Yaya ya ɗago kai. Ya dubi ubanku, ba ni ba, ya ce, "Garba, ka fita da matarka." Waɗannan kalmomi nawa su ne ake maimaita muku. Na faɗe su, kuma ba a ƙara musu komai ba. Da na iya zaɓar wasu. Ban zaɓa ba.

Ubanku ya kafa ɗan murhu a bayan ɗakinmu yana aiki bayan an tashi daga maƙera. Gyara na biyu, ya zurfafa gurbin sosai don haƙori ya nutse. Ta ƙi rufewa kam, amma gindin ya yi siriri, da na banƙara sai ruwan wuƙar ya karye daga tushe, ya yi tsalle ya fasa mini randa. Ya yi kwana uku bai taɓa magagari ba. Gyara na uku ya koma ga zanen kayena, ya bar zurfin yadda Tsoho ya yi, ya miƙe bangon, ya ɗan karkata shi ciki kamar kaurin gashi, yadda in igiya ta danna sai haƙorin ya ƙara cizo maimakon ya zame. Ya mayar da resor mai laushi don mata. Wannan ta tsaya. Na gwada goma, ya ce in gwada da mugunta, na gwada, igiya ce ke tsinkewa. Ya yanka samfur biyu a rana ɗaya. Ɗaya na aiki, ɗaya ya ba ni in ajiye cikin akwatina, magagari ba zai taɓa ganinsa ba, kowane sabon wata a fito da shi a jingina da na aiki a duba rata. Yanzu ku kuna ganin wannan kamar kowa ya sani. A lokacin yatsu biyu aka bayar kafin a sani.

Ubanku ya kai wa Yaya sabuwar. Yaya bai karɓa ba, ya kalle ta a hannun ƙanensa ya yanke hukunci. Ka yi abin da ka ga dama, amma ba a maƙerar Baba ba, kuma ba da ɗigo uku ba. Sannan waɗanda aka riga aka sayar, kada wanda ya buɗe baki a kansu, sunan gida ne. Ubanku ya ce to a kan na farko. A kan na ƙarshen bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya dawo ya ci gaba da ƙera sababbi babu tambari, yana tarawa a kwando, bai sayar ba, bai ce mini ga abin da yake tara su dominsa ba. Ni kuwa na san gidajen da na kai tsofaffin, na san sunayen matan, na san lokacin sabon goro ya kusa.

Wata safiya na ɗaura gyale na same shi yana alwala.

"Malam, zan je Djougou, daga can Partago da Onklou ranar kasuwa. Zan karɓo na hannun mutane."

"Kin san abin da zai biyo baya."

"Na sani."

"Ban ce ki je ba."

"Ka ce kada in je?"

Ya gama wanke ƙafarsa, ya tashi ya ɗauko kwandon ya juye a kwallata, ya rufe da faifai, ya ɗora mini a ka. Ga duk abin da aka yi tsakanina da shi a kan wannan magana. Wanda ya ce muku na tafi a ɓoye, ku karanta masa wannan wurin.

A Djougou gida-gida na bi. A Partago da Onklou kuwa ban san masu su ba, don daga hannu zuwa hannu suka tafi, dole na tsaya a tsakiyar kasuwa. Na sa mai moto, wato ɗan acaɓa, ya ɗaure mini buhu da igiya a gindin bishiya, na sayi rake, na ɗaga murya da Hausa da Dendi, wata mai sayar da daddawa tana juya mini da Yom: mai wuƙa mai ɗigo uku ya kawo a gwada, wasu suna rufewa a kan yatsa. Ban ce duka ba, don ba duka ba ne. Kowace aka kawo sai na gwada a gaban mai ita. Wadda ta tsaya, galibi tsofaffin aikin Tsoho, in mayar in ce riƙe abarka, ta fi tawa. Wadda ta sare rake in karɓa in ba da sabuwa. Mutane suka taru kamar ana wasan kura, yara na rububin guntayen rake. Wani dattijo a Onklou, tasa ta rufe a gabansa amma ya ƙi bayarwa.

"Madam, ni doya nake yanka da ita, ba igiya ba."

"Baba, matarka fa? Ba ta taɓa ɗauka?"

"Matata ta taɓa wuƙata? Ke daga wane gari?"

Ya karɓi abarsa ya tafi. Ban bi shi ba. Ban tattaro duka ba, ban ma kusa ba, kuma ban taɓa cewa na tattaro ba.

Direbobin hanyar Djougou abokan cinikin Yaya ne, labari ya riga ni isa Parakou. An ce masa matar ƙanensa na tsaye a kasuwar ƙauye tana tallan cewa tambarin ubansa na cin yatsu. Da na dawo na tarar da gudumar ubanku da awartakinsa a jingine a waje, bakin ƙofar maƙera. Ba a yi faɗa ba, ba a kira kowa sulhu ba. Ubanku ya ɗauke su ya shigo da su. Muka zauna gida ɗaya har ruwa ya ɗauke, ana gaisawa da safe kamar baƙi a tasha, sannan ya ce mu koma Djougou, can masu son sabuwar suke. Shi ya faɗa, ni na ɗaure kaya.

Kada ku ɗauki Yaya Mamman mugu. Sau biyu ya aika wa Gwaggo zuma da man kaɗanya ta hannun direba, bai sa a faɗi sunansa ba, ita kuwa ta shanye ta ce a gaya wa wanda bai aiko ba ta gode. Maƙerarsa ba ta mutu ba. Mahauta da direbobi, masu yanka da baki, sun ci gaba da saye, kuma ban ji ta taɓa cutar ɗayansu ba. Abin da ya daina shi ne sayar wa mata. In mace ta zo ya ce sun ƙare, ko da ga su a jere. Da wannan na san abin da ya gani a zaure bai bar shi ba. Samfurin dai bai gyara ba har ya ajiye aiki.

Kowace Sallah ubanku sai ya shiga mota ya je gaishe shi. Yaya ya amsa gaisuwa, ya tambayi yara, ya yi shiru har baƙo ya gaji ya tashi. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Da Yaya ya rasu muka isa kafin a yi wanka. A al'ada ƙane ne ke shiga, shi ne na kusa. 'Ya'yansa suka ce marigayi ya bar sunan wanda zai shiga, suka kira wani maƙwabci. A maƙabarta ma ba a ce ubanku ya sauka kabari ya karɓi gawar ba. Ya zauna kwana uku a tabarmar waje cikin mutanen unguwa, masu zuwa suna wuce shi su yi wa yara ta'aziyya, wasu sababbin zuwa ba su ma san ko shi wane ne ba.

A taksin komawa mu huɗu ne a kujerar baya, ni da shi da wasu Fulani biyu da ke barci. Mun yi nisa kafin ya yi magana, yana kallon gonakin kaju, wato yazawa, ta taga.

"Talatu."

"Na'am, Malam."

"Kin yi gaskiya."

Na juyo na dube shi, ya ci gaba.

"Ni kuma na rasa ɗan'uwana tun kafin shekaranjiya."

"Na sani."

"Ba ƙararki nake kaiwa ba. Faɗa miki nake yi."

"Na ji."

Bai tambaye ni ba ko da za a koma baya zan sake tsayawa a kasuwar. Ya san amsar, shi ya sa bai tambaya ba, ni kuma ban ɗora masa ita ba. A Partago mota ta tsaya, ya sauka ya sayi doya a bakin hanya, washegari ya hura wutar maƙera. Bai sake tayar da maganar ba har ya bi wansa.

Allah ya jiƙansu su biyu, ya haɗa su a inda babu ni a tsakani.